Audi Mai Indararo da Kwamin Rinin Radiya

Kafin mutanen tasha su gama shayin farko, Audi ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin dogon yaron da ke bayan kasuwar Tanut. Sai ya jera guduma da almakashi da guntun ƙarfen motar da yake duka a kai, ya yi bisimilla, ƙarar ta fara. Shekara arba'in da wani abu ke nan yana naɗa indararo, abin da ke kwashe ruwan sama daga soro ya zubar nesa da katanga. Bana hannunsa ya fara rawa, ya ce bayan damina zai ajiye guduma. Shi ya sa na ce sai na faɗi nawa tun yana ji.

Ni ban zauna a lakkol, makarantar boko, ba, da furfurata na koyi rubutu. Amma manyan fari biyu sun bi ta kaina sun bar ni tsaye, kuma babu kasuwar ƙasarmu ta Damargu da ƙafata ba ta taka ba. In na ce mutum gwani ne, to a rubuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Radiya, wata mai saƙar tabarma a Falanko. Mijinta ya rasu, da tabarmar take riƙe gidan. A tukunya take rina kaba, kaba kuwa doguwa ce, sai ta lanƙwasa ta, garurar rinin ta kama wani wuri ta bar wani. Mai sarin kayanta a Belbeji ya ce in ta sake kawo mai dabbare-dabbare, sun rabu. Yayanta kuma yana jira a Damagaram, ya ce ta rufe gida ta dawo wurinsa. Ita ba ta son barin ɗakinta.

Ta zo gindin bishiyar ta durƙusa ta gaishe mu. Ta ce, "Baba Audi, guntun indararo nake nema, kamu biyu kacal. A tsaga shi a toshe bakinsa, in kwantar da kaba a miƙe in dafa."

Ta riga ta zaga shaguna. Yawanci na roba ne yanzu, roba kuwa ba ta hawa wuta. Mai na kwano ya ce ba ya yanka, sai dai ta ɗauki dogon gaba ɗaya. Audi ya ce ko ya yanka mata banza ne, kwanon zamani ɗanyen ganye ne, dahuwa uku zai huje. Sai tsohon ƙarfe mai kauri.

Ya shafa gemu. Audi ya san duk indararon da ya taɓa kafawa a garin nan, ya san soron da ya faɗi da wanda aka mayar rufin kwano. Can ya ce, "Gidan Rissa."

Rissa Buzu ne mai raƙuma a bakin gari. Da muka je, ga ƙarfen kwance a turke, an buɗe gefensa, ƴan raƙuma suna lasar gishiri a ciki.

Rissa ya ce, "Maƙeri da rana tsaka a gidana? Ku ƙirga cokula."

Audi ya ce, "Wane cokali, kai da hannu ma aro kake yi? Ƙarfena na zo ɗauka. Don soro na naɗa shi, ba don bakin raƙumi ba."

"Raƙumin ya fi ka sanin darajarsa. A me za su lashi gishiri, a hularka?"

Audi bai ja da shi ba. Ya koma gindin bishiyarsa, ya tsaga rabin tsohuwar durom, ya naɗe bakinta don kada ta yanki leɓen dabba, ya ɗauko a ka, da shekarunsa. Rissa ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Ba ta da kyau, amma ta yi kama da mai ita." Ya miƙa ƙarfen, ya haɗa mu da cuku.

A nan ne na ba da shawara, ni da ba kasafai nake kuskure ba. Na ce a liƙe bakin da dalma a huta, haka ake yi wa butoci. Audi ya dube ni ya ce, "Malam, buta a ƙasa take zama. Wannan kan murhu zai hau. Dalma ta ji wuta ta narke, garurar yarinyar nan ta bi toka." Na ce dama gwada shi nake yi. Ya kalmasa ƙarfen ninki uku a kowane baki, yana duka a hankali, hannun yana rawa, gudumar ba ta kuskure. Wuni guda ya yi a kai. Da ya gama ya cika shi da ruwa ya ɗora a wuta a gabanmu. Ko ɗigo.

Audi, kai ne mai ganin amfani a abin da aka yar. Kai ne wanda rabin katangun Tanut ke tsaye saboda kai, masu gidan ba su ma san sunanka ba. Ba ka taɓa ce wa mai ƙaramin aiki ya dawo gobe don babba ya zo ba. Na gode, Damargu ta gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya sa ka gama lafiya.

Ku masu sana'a, in aka zo muku da neman kamu biyu, kada ku raina, ku tambayi abin da za a yi da shi. Mai sarin Belbeji ya karɓi tabarmin Radiya har ya ce ta ƙaro. Ranar kasuwar da ta wuce na tambaye ta maganar Damagaram. Ta ce ta je ta gaida yayanta, ta kwana biyu, ta komo ɗakinta.