Ƙodar da Na Hana Ƙanena

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa har ƙauyukanmu, lokacin muna cikin jihar Kaduna, ni mahauci ne a Ƙanƙara, ina da shekara talatin da 'yan kai. Fawa gadonmu ce. Ranar kasuwa ni ke kayar da sa, ni ke yanka, ni ke fiɗa, in kaka ta yi kuma in ɗaure hannu in shiga dambe. Daga Ketare har Sabuwa babu wanda bai san hannuna na hagu ba. Ba alfahari nake yi ba, domin abin da zan faɗa babu abin alfahari a cikinsa. Mutum ne ni mai saurin hannu. Kafin a gama yi mani bayani na riga na kai mari, in ya so a ƙarasa bayanin daga baya. Mutane suna cewa ba ni da tsoro, ni ma na yarda da su, don har lokacin ban gamu da abin da ya gwada ni ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu ne maza da suka rayu a ɗakin Inna. Shi tun yana ƙarami ba ya son ganin jini, in an kai shi kwata sai ya kawar da kai. Aka sa shi boko, da gwamnati ta buɗe firamare ko'ina sai ya zama malami a wani ƙauye kusa da Pauwa. Ina yi mashi ba'a, ina ce mashi Malam mai alli, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Sai ya yi murmushi ya ce ai Yaya ya ɗauke wa gidan nan duk yankan da za a yi. Bai taɓa ɗaga mani murya ba, bai taɓa kiran sunana ba.

Ciwon ya fara da ciwon kai da kasala. Daga nan ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, da safe fuskarsa ta tashi suntum, idanun su shige ciki. Fitsarinsa ya ragu, ɗan da yake yi kuma kumfa ne. Muka ce sanyi ne, muka ce shawara ce, muka yi ta ɗura mashi jiƙe-jiƙe wata da watanni. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo sannan hedimasta ya matsa a kai shi asibiti. Asibitin kusa da mu suka duba shi, suka ba mu takarda zuwa babban asibiti a birni. Ni na kai shi, tare da matarsa.

Likitan da ya karɓe mu Bamisire ne, irin waɗanda gwamnati ta ɗebo a lokacin. Bayan kwana biyu ana gwaje-gwaje ya kira ni bakin gadon, wani ma'aikacin jinya yana yi mana tafinta. Ya ce ƙodojin ƙanena duka biyu sun kusa tsayawa. Dattin da ya kamata ya fita a fitsari yana zagayawa cikin jini, kuma in ya yi yawa zai hau kai, mutum ya riƙa sambatu, ya riƙa shaƙuwa, har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ya ce in na ga haka kada in firgita, ciwon ne. Ku riƙe wannan, domin an faɗa mani tun kafin abin ya faru. Ya ce akwai injin da ke wanke jini, amma babu shi a wurinsu. A ƙasar Turai inda ya yi karatu, mutane da ƙafafunsu suke zuwa a fara ɗora su a kan injin, kuma kowace shekara ƙara yawa suke yi. A ƙasarsa ta haihuwa kaɗan ne ke samu, sai na babban birni. A nan kuwa, duk zamansa bai ga mutumin ƙauye ko ɗaya da ya kai ga farawa ba, ko dai a kawo shi a makare, ko danginsa su ɗauke shi. Ya ce amma ƙanena yana da ƙofa, tunda ma'aikaci ne, kuma gwamnati a lokacin tana fitar da ma'aikatanta waje neman magani. Zai rubuta takarda da hannunsa. Sannan ya ƙara da cewa inji riƙon ƙwarya ne, maganin gaske shi ne ɗan'uwa na jini ya ba da ƙoda ɗaya a dasa wa mara lafiya, mutum yana rayuwa da ɗaya. Ya dubi ƙirjina da damatsana, ya yi murmushi, ya ce ranar Litinin yana so a ɗebi jinina a gwada. Na ce to. Ƙanena ya yi wa likitan wata gajeriyar magana da Turanci, likitan ya girgiza kai, tafinta bai fassara ba, ni kuma ban tambaya ba.

Jama'a, ni na san ƙoda. Na san inda take kwance, can bayan hanji, manne da gadon baya, lulluɓe cikin kitse. Na san yadda hannu ke nutsewa har gwiwa kafin ya kai gare ta. Na ciro dubbai, kuma ban taɓa ciro ta daga jikin abin da ya sake tashi ya yi tafiya ba. Da na fita daga ɗakin sai da na dafa bishiya, zufa tana bin bayana. Na ga kaina kwance an daddanne ni, baƙo yana tsaye a kaina da wuƙa, a ƙasar da ban san kowa ba. Tsoro ne zalla ya kama ni. Wa zan gaya wa? Ni da ake yi wa kiɗa a fage, ni da in na taso maza ke ja da baya? Na haɗiye abina na koma ciki ina cin magani, ina yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar Lahadi da hantsi abin da likita ya faɗa ya fara. Shaƙuwa ta kama shi ba tsayawa, ya riƙa kiran mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa, yana fizge mayafi yana cewa a kori awaki daga cikin aji. Wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gadon kusa ya matso ya ce mani, cikin tausayi, wannan kam ya fi kama da iska, ba aikin asibiti ba ne. Wallahi ji na yi kamar an sauke mani dutse daga ka. Na cafke maganar nan da hannu biyu. Na san ba haka ba ne, amma in iska ce, babu zancen Litinin.

Na fizge robar da aka maƙala mashi a hannu, jini ya yi tsartuwa har kan rigata. Ma'aikacin jinyar nan da ya yi mana tafinta ya taho da gudu ya tare ƙofa, yana roƙona in jira likita. Hannu ɗaya na kai mashi, ya zube, bakinsa ya cika da jini, na ga haƙorinsa a kan siminti. Matar ƙanena ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka, tana cewa Yaya, ai likita ya gaya mana za a yi haka, don Allah a bar shi. Na yi shuri da ita, goshinta ya bugi ƙarfen gado ya fashe. Na saɓa ƙanena a kafaɗa kamar cinyar sa na fita. Maigadi ya ɗaga kulki, na ƙwace na karya mashi hannu da shi. Kafin a kira 'yan sanda na riga na sa shi a bayan a-kori-kura mun kama hanya. Ita kuwa a can na baro ta.

A gida na gaya wa Inna cewa likitoci sun sallama, sun ce ba ciwonsu ba ne. Ban ambaci takardar fita waje ba, ban ambaci ƙoda ba. Ta yarda, domin ban taɓa yi mata ƙarya ba kafin ranar. Aka ba mu labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan Ruwan Godiya, ta wajen Faskari, wanda aka ce ya shahara wajen fitar da iska. Ko da ya ga ƙanena bai yi wata-wata ba ya ce baƙin aljani ne, kuma ya daɗe a jiki. Aka ɗaure shi hannu da ƙafa a jikin turke cikin bukka. Aka dama jiƙo mai kanwa cike da ƙwarya, ni na toshe mashi hanci har ya buɗe baki aka ɗura, mutumin da likita ya ce ko ruwa a auna mashi. Aka zuba barkono a garwashi aka rufe ƙofa, muna waje muna jin tarinsa. Sannan aka zo kan duka. Mai maganin tsoho ne, ya yi bulala kamar goma ya gaji, ya ce wannan aljani mai taurin kai ne, sai hannu mai ƙarfi. Ya miƙo mani tsumagiyar, na karɓa.

Kwana uku ina dukan ɗan'uwana. Jikinsa a kumbure yake, duk inda bulala ta sauka sai fatar ta tsage, ruwa da jini su biyo. In ya yi ihu, mai magani ya ce muryar aljanin ce, a ƙara. In ya yi shiru, ya ce ɓuya ya yi, a ƙara. Ni kuwa ƙarawa nake yi, domin muddin hannuna yana sama ina iya gaya wa kaina cewa aljani nake duka. Da na tsaya sai maganar likita ta dawo mani tiryan-tiryan, sai in sake ɗagawa.

Rana ta huɗu da safe, mai magani ya tafi jeji neman saiwa, na shiga bukkar na tarar idanun ƙanena a buɗe, hankalinsa ya dawo tas. Ya kira ni Yaya, ya roƙi in sassauta mashi igiyar hannu. Na kwance. A hankali, yana magana yana hutawa, ya ce ya san babu wani aljani, kuma ya san ni ma na sani. Ya ce maganar da ya yi wa likita da Turanci a gabana, cewa ya yi ba zai karɓi ƙodata ba ko an ba shi, domin ina da 'ya'ya kuma da ƙarfina nake ci da gida, a kai shi kan injin kawai, abin da Allah ya yi shi ke nan. Ya ce bai so ya faɗa da Hausa ba don kada in ji kunya a gaban mutane, ya ga yadda fuskata ta canza. Ashe babu wanda zai taɓa ni da wuƙa. Ya ce in kai shi gida ya ga Inna, kuma in nemo matarsa. Na so in ce ya yafe mani, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ɗauke shi na nemo mota. Muna hango Ƙanƙara jijjiga ta kama shi, ya cika a kan cinyata.

Ni da liman muka yi mashi wanka. Da aka yaye mayafi liman ya daɗe yana duban bayan gawar, babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa shatar bulala ba. Ya tambaye ni a hankali ko hannun wa ne wannan. Na ce nawa ne. Sai ya ce in zuba ruwa. Matarsa ta iso ana shirin ɗaukar makara, goshinta ɗaure da bandeji. Ba ta tona mani asiri a gaban Inna ba, amma da ta gama takaba ta koma gidansu, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara amsa gaisuwata ba. Hukuma ta zo ta kama ni a kan mutanen asibitin da na raunata, na yi zaman gidan yari na fito. A kan ƙanena kuwa babu wanda ya taɓa tuhumata, har cewa ake yi na yi ƙoƙari, na zaga da shi ko'ina.

Yanzu na tsufa. Ban sani ba ko da an fita da shi zai rayu, likitan ma bai yi alkawari ba, kuma kowa da ranarsa. Amma na san da zai mutu a kan gado ana shafa mashi kai, ba a ɗaure a turke ba. Yau injin wankin ƙoda ya zo har Katsina da Kano, ina ji a rediyo ana cewa a wasu ƙasashe masu fara wannan magani ƙaruwa suke yi, mu kuwa har yanzu sai mutum ya fita hayyacinsa ake ciccibo shi. In aka tashi lissafin dalili sai a ce talauci da nisan hanya, kuma gaskiya ne. Amma akwai irina a cikin dalilan, ba a dai ƙirga mu.

Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan, in ka ga naka yana kumburin ƙafa da fuska, fitsarinsa ya ragu, ka kai shi asibiti tun yana iya taka ƙasa. In ciwon ya hau kansa ya fara sambatu, kada ka bari kowa ya ɗaga mashi bulala da sunan magani. In kuma a cikin dangi akwai wanda ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa a ɗauke mara lafiya yanzu-yanzu, ku ja shi gefe inda babu mutane, ku tambaye shi abin da yake tsoro. Ba laifi ba ne mutum ya ce ba zai iya ba da ƙodarsa ba, jikinsa ne. Da na buɗe baki na ce wa ƙanena ina jin tsoro, da ya gaya mani tun a ranar cewa babu komai. Na kasa faɗin haka, sai na ɗauki bulala.