Direban da Ba Shi da Hannun Riƙe Waya

Kawuna direban bas ne, kuma hannunsa ɗaya. Na hagun injin niƙa ne ya cinye shi tun yana saurayi, amma fasinjoji sun fi so su ce a haɗarin mota ya rasa shi, don labarin ya fi daɗi a kujerar baya.

Shekara goma sha bakwai yana jan babbar bas ta kamfani, irin mai canza giya da kanta. A jikin sitiyarin an ɗaura masa wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwan kaza, da shi yake juya motar. Kullum da safe, kafin ya duba mai da ruwa, sai ya sa sifana ya ƙara ɗaure shi. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke kiransa. Su Allah ya hore musu hannu biyu: ɗaya na waya, ɗaya na zagin mai babur ta taga, sitiyari kuwa gwiwa ta ji da shi. Kawu, bawan Allah, ba shi da wannan gatan, dole tuƙin kawai yake yi. Ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Sai aka kawo sabon manaja mai wa'azin kiyaye haɗari. Ya ce a sake gwada Kawu, in ya faɗi ya ajiye mukulli. Sauran ba sai an gwada su ba, ai an ƙirga hannuwansu.

Ranar gwaji Kawu ya yi ribas tsakanin durom biyu, ya tsaya a tsakiyar hawa, ya sake tashi, motar ba ta zame baya ko taku ɗaya ba. Mai gwajin ya yi ta gyaɗa kai har ya zo layin ƙarshe a takardarsa.

Ya ce, "Baba, an rubuta nan: yana riƙe sitiyari da hannu biyu? E ko a'a."

"Ɗana, kai me ka gani?"

"Ni dai ba a bar gurbin bayani ba."

Haka Kawu ya faɗi gwajin. Manaja mutumin kirki ne, bai kore shi ba. Ya mai da shi gadin ƙofa, ya miƙa bas ɗin ga mai cikakken hannu. Abin ya ci mini rai, har yau ban huce ba.

Bayan sati uku aka jawo bas ɗin da sarƙa, gabanta a lotse, sabon direban yana ta rantsuwa cewa kira ne ya shigo masa. Kawu ya tashi ya ɗaga musu ƙarfen ƙofa. Da motar ta zo wucewa ya leƙa ciki. Dunƙulen yana nan a sitiyari, ya yi sako-sako.

Ya ce, "Ku dakata. A miƙo min sifana."