Takalman Na'ibi a Dokin Ƙofa

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, akwai guda da ta ƙi barin kaina, ita ce ranar da wani tsoho ya zauna a dokin ƙofarmu ya ƙi tashi. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara da kyau. Sunayen da za ku ji ba na gaskiya ba ne, ƙauyen ma na karkatar da hanyarsa, don haka kada wani ya tsaya wasi-wasin ko wane ne. Na san halinku, ni ma da haka nake.

Lokacin ina sabuwa a gidan sauraro na nan Tasawa, inda ake sauraron masu damuwar zuciya, ba a ba ni ɗakin ganawa ba tukuna. Aikina tarbar mutane ne a bakin ƙofa. Shugabanmu Mushe Idi ne (Mushe ɗin na Faransanci, kamar a ce Malam), mutum marar hayaniya, wanda in yana sauraronka sai ka ɗauka ba shi da wani aiki a duniya sai kai. Ranar da ya ɗauke ni, ƴan unguwarmu dariya suka yi. Wai Rabi, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ita za a ba ajiyar sirri. Ban ji haushi ba, don ba ƙarya suka yi mini ba.

Tun satin farko Mushe ya koya mini tsarin gidan. Mai zuwa wurinmu ba a rubuta sunansa a bangon dosiye, wato fayil, lamba ake ba shi. Dosiyen yana cikin kabad na ƙarfe, mabuɗin yana aljihun Mushe. Ordinatar, kwamfutarmu ke nan, ba ta buɗuwa sai da kalmar sirri. In muka kira mutum a waya wani ya ɗauka, ba mu cewa daga ina muke. Mutum biyu ƴan gari ɗaya ba mu ba su randebu, wato lokacin ganawa, rana ɗaya. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta gaisuwa. In na gamu da mai zuwa wurinmu a kasuwa ko wurin suna, ba ni fara gaishe shi sai shi ya fara, don kada na kusa da shi su tambaye shi inda ya san ni. Ni da nake gaida har jakin maƙwabta! Amma na daure, na koya, har na fara jin cewa ba ta inda sirri zai fita daga gidan nan.

Cikin masu zuwa akwai Malam Habibu, na'ibin liman a wani ƙauye can wajen garin Sarkin Hausa. Abin da ya kawo shi ba zan zazzage muku duka ba. Ya isa ku sani cewa rijiya ta rufta da ɗansa a gaban idonsa. Tun daga ranar, in ya tsaya gaban sahu ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai numfashi ya sarƙe masa, gumi ya karyo, ƙafafu su hau rawa. Yana fakewa da zazzaɓi, yana tura wani ya ja salla. Shi da bakinsa ya gaya mini wannan daga baya, bayan ya samu sauƙi.

A daidai lokacin limamin garinsu ya tsufa, ido ya tafi, dattawa sun fara shawarar wanda zai gaje shi. Mutum biyu ake ambata: Malam Habibu, da Malam Sabi'u, ɗan Alhaji Ɗan Jimma, shi kuwa Alhajin yana cikin masu faɗa a ji. Na san su duka, don kakata ƴar wajen ce. Kun kuma san sunan da mutane ke kiran irin gidan nan namu: gidan mahaukata. Da an ji na'ibi yana zuwa nan, ba limanci kaɗai zai rasa ba. Ba wanda zai sake tsayawa bayansa, har a fara tambaya ko sallolin da aka yi a baya sun inganta.

Duk tsarin nan namu, abu ɗaya bai taɓa zo mana a rai ba. Ɗakin ganawa da tabarma a shimfiɗe, kuma ba mai taka tabarmar mutane da takalmi. Kowa ya zo sai ya tuɓe a dokin ƙofa ya shiga. Haka muka tashi muka gani, ido ya saba har ba ya lura. To takalmin na'ibi ba kamar na kowa ba ne. Kullum, kowace salla, yana ajiye a ƴar ƙofar gabas ta masallaci inda mai jan salla ke shiga, duk mai wucewa yana gani. Na Malam Habibu jan fata ne, an ɗinke maɗaurin hagu da shuɗin zare. Yaron goye ma a ƙauyen ya san shi.

Ana dab da faɗuwar damina, zafi ya kai inda ya kai. Gidan da muke haya a lokacin fili ɗaya muke da wani biro, wato ofishi, mai raba irin shuka, kuma inuwar kirki ɗaya ce a filin, ta bishiyar dogon yaron da ke bakin ƙofarmu. Malam Habibu ya zo da hantsi a kan kabu-kabu, ya sauka can nesa kamar yadda ya saba, ya tako da ƙafa. Ya tuɓe takalmi ya shiga wurin Mushe, aka rufe ƙofa. Ƙofa ɗaya ce ɗakin, tagar kuma da ƙarafa.

Ba a jima ba na ji amalanke ya tsaya. Na leƙa, sai na ga mutanen ƙauyensu sun zo karɓar iri. Ba mu muka ba su randebu ba, balle mu kauce. Matasan suka nufi biron, shi kuwa Alhaji Ɗan Jimma, da yake tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya dogara sandarsa ya nufo inuwarmu shi kaɗai.

"Sannu ɗiyata, ina kwana?"

"Lahiya lau, Baba. Ina gajiya? Ga benci."

Idonsa ya sauka a dokin ƙofa, ya tsaya a kan takalman. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da ke rufe, ya dube ni. Na ce a raina shi ke nan, Malam ya gama yawo. Ta bayansa kuwa ga sauran sun fito daga biro suna tahowa, ɗansa Malam Sabi'u a gaba.

Sai tsohon ya matsa, ya juya baya, ya sulale ya zauna a kan dokin ƙofar, daidai kan takalman. Ya baza babbar rigarsa hagu da dama, ya ɗora sanda a cinya.

Abin da na fassara a lokacin shi ne ya tsare ƙofa. Ya danne shaida, yana jira Malam ya fito ya kama shi a gaban mutane. Raina ya ɓaci, na tsani tsohon nan a zuciya, ga shi ba abin da zan iya yi. In na ce ya tashi, takalma su bayyana. In na bar shi, ƙofa a tsare.

Suka iso suka cika inuwar. An ce musu mai sa hannu ya fita, sai su jira. Malam Sabi'u ya dubi ubansa.

"Baba, mi ya kai ka zama ƙasa, ga benci?"

"Bar ni nan. Nan iska ya hi kaɗawa."

Ba iskar da ke kaɗawa. Simintin nan in rana ta gasa shi, ko kaza ba ta tsayawa a kai. Wani daga cikinsu, mai yawan baki irina, ya nuna ƙofar da haɓa.

"Ke, wa ke ciki aka ƙulle ƙohwa haka da rana tsaka?"

Na ce, "Malam, nan ba mu cewa wane ya zo, ba mu cewa wane bai zo ba."

"Ko mahaukacin ya yi nisa ne?" Aka kwashe da dariya.

Alhaji ya ce, "Kai, ku bar ɗiyar mutane ta yi aikinta." Dariyar ta mutu.

Na san duk maganar nan tana shiga ta taga. Na san Malam yana jin muryar kowa, yana gane ta ɗaya bayan ɗaya. Daga ɗakin ko tari ban ji ba. Mushe bai buɗe ba, bai leƙo ba, ya zauna da mutuminsa. Ni kuma na yi ta jujjuya takardun da ba su da abin jujjuyawa.

Inuwa ta janye daga dokin ƙofa, rana ta sauka a kan tsohon. Gumi ya jiƙa masa rawani. Na kawo ruwa a moɗa, ya sha, ya miƙo mini, bai motsa daga inda yake ba. Ya kan ɗan cije leɓe ya murza gwiwa. Haka har aka kira azahar.

Mutane suka miƙe za su masallaci. Malam Sabi'u ya zo ya sunkuya, ya kama hannun ubansa.

"Baba, kawo in tashe ka."

"Ku tahi, ina nan tahe."

"Ai ba ka iya tashi kai ɗaya. Kawo hannu." Ya fara ɗaga shi, gefen rigar ya soma janyewa.

Tsohon ya fizge hannunsa, ya maida rigar, ya daka masa tsawar da ta sa kowa ya waiwayo.

"Na ce ka tahi! Ni za ka koya ma tashi?"

Malam Sabi'u, magidanci mai gemu, ya sunkuyar da kai ya bi sauran. A nan ne na gane. Wanda ke son a kama mutum, shaidu yake tarawa. Wannan korar su yake yi. Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganinsa ba.

Sai da suka fice daga filin ya kama gefen ƙofa, ya dogara sanda, ya miƙe da kyar yana nishi. Takalman sun lotse. Ya sa bakin sanda ya daidaita su gefe da gefe, yadda ya same su.

"Ɗiyata, ku samu wuri daga ciki, mutane su riƙa aje takalmi."

"To, Baba."

"Ni ban ga komi ba. Kar ki ce mishi komi."

Bakina ya buɗe zai yi godiya, sai horon Mushe ya riga shi. Na ce, "Baba, ban san wanda kake nuhi ba."

Ya yi ɗan murmushi. "Madalla. Haka nika so." Ya juya yana ɗingishi.

Sai da amalanken ya bar gari Malam ya fito, fuska duk ta faɗa. Ya dubi takalmansa, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah ya rufa masa asiri, ba su lura ba. Na ce alhamdu lillahi. Ya zura ya tafi.

Da yamma na kwashe duka na gaya wa Mushe, na ce ai ya kamata Malam ya san wanda ya yi masa wannan. Idon Mushe ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba.

"Rabi, in kika hwaɗa mishi, kin hwaɗa mishi cewa akwai ɗan garinsu da ya sani. Da wane ƙarhi zai tsaya gaban tsohon ya yi kabbara? Sannan tsohon ma amana ya ba ki. Bai da dosiye wurinmu, amma amana ce."

Washegari muka ce kowa ya shiga da takalminsa. Aka ƙi. Wata tsohuwa ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar banza ba. Sai muka sa babban kwando daga cikin ƙofa, shi ne wanda kuke gani har yau kuna zuba mini ɓawon gyaɗa a ciki.

Malam ya ci gaba da zuwa har numfashinsa ya daidaita. Da dattawa suka zauna, na ji labari daga dangin kakata cewa Alhaji Ɗan Jimma ya tsaya wa ɗansa da ƙarfinsa. Ya yi gardama, ya kawo karatun ɗan, ya kawo asalinsu, har ya tashi a fusace. Amma maganar da za ta gama zancen nan take, wadda ke cikin bakinsa, bai furta ta ba. Aka ba Malam Habibu limanci.

Abin da ranar ta koya mini, kabad da lamba da kalmar sirri duk wajibi ne, kada ku yi wasa da su, amma iyakarsu takarda. Mutum yana zuwa mana da babur ɗinsa, da muryarsa, da takalminsa, kuma garinsu ya san su duka. Ku riƙa fita waje kuna duban gidan nan da idon mai wucewa. Na kuma koyi cewa riƙon sirri ba mu muka kawo shi ƙasar nan ba. Akwai masu yin sa ba albashi, har a kan abin da zai amfani ɗan cikinsu.

Bayan wasu shekaru Malam ya biyo ta nan don gaisuwa kawai, lokacin ina da ɗakina. Cikin hira ya ce mini Alhaji Ɗan Jimma ya rasu, shi ya yi masa salla.

"Bai taɓa so na ba, Malama Rabi, ɗanshi ya so. Amma na yi mishi salla da zuciya ɗaya."

Maganar ta zo mini har baki. Ban taɓa jin nauyin wani sirri kamar wannan ba. Na haɗiye ta, na ce, "Allah ya jiƙan shi, ya rufa mishi asiri duniya da lahira."

Malam ya shafa, ya ce amin.