Ranar da Na Tsallaka Ruwan Ikorodu da Ashana a Ƙugu

Ko da zan manta ranar da aka kawo ni Agege ina amarya, ba na jin zan taɓa manta ranar da na shiga jirgin ruwa a Ikorodu. Har yau idan matan gidanmu suna son su tsokane ni, sai ɗaya ta leƙo ta ce, "Umma, a taimaka mana da ashana mana," sai tsakar gida ta kaure da dariya, ni ma in taya su.

Ni dai mutuniyar gida ce. A Legas na tsufa, amma Legas ɗina ba ta wuce tsakar gidanmu da kasuwar Agege da gidajen suna ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aka ɗauko ni, inda ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na randa. In aka ce mini ai teku na nan kusa, sai in ce Allah ya bar shi inda yake. Karatuna bai yi nisa ba, iyakarsa in haɗa baƙi in rubuta abin da ke raina. Amma Allah ya ba ni kunne. In labari ya shiga sau ɗaya, to ya samu wurin zama.

A shekarar da abin ya faru, ɗana na fari ya gama koyon aikin inji, aka kuma ba shi gurbi a wani babban jirgin dakon kaya da ke tashi daga Apapa. In ya tafi, sai ya yi watanni a kan ruwa. Babansu ya amince tun ranar farko. Shi kuwa yaron ya ce ba inda za shi sai na sa masa albarka da bakina. Masu jirgin sun ce in wata ya ƙare bai ba da amsa ba, za su ba wani. Ni kuma na yi gum.

Sai na yi muku bayanin wani abu, don yaran yanzu ba su san shi ba. A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "wannan yaron". Ba na zama in yi doguwar hira da shi, balle in ce masa ina jin tsoro kada in rasa shi. Saboda haka ƙanwarsa ce ta zama wayarmu. Yana zaune a gabana yana cin tuwo zan ce mata, "Faɗa wa yayanki ruwa ba wurin zaman mutum ba ne." Shi kuma ba tare da ya ɗago kai ba zai ce, "Faɗa wa Umma na ji."

Ita ƙanwar tasa Turanci take karanta a jami'a, lokacin kuma tana gida hutu. Wata rana bayan la'asar ina gyaran waken ƙosai, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da wani tsohon littafi da bangonsa ya yi laushi. Ta ce wani marubucin Amurka ne na zamanin da, wanda ya daɗe da mutuwa, kuma labaran tafiye-tafiye yake rubutawa. Ta faɗi sunansa, na gwada, harshena ya ƙi, sai na raɗa masa Bature Mai Yawo. Tana karantawa tana juya mini da Hausarta ta 'yan Agege, rabi Hausa rabi abin da Allah ya sani.

Kafin a yi nisa, zaman ya zama na gida duka. Iya mai gidanmu, wata dattijuwar Bayarabiya da ta iya Hausa, takan fito da kujerarta. Maman 'yan biyu, telar da ke ɗakin ƙofa, mutuniyar kudancin Kaduna, takan tsayar da kekenta. Muka sha labarin mutanen da iska ta farfasa musu jirgi suka faɗa tsibirin da ba kowa, da waɗanda suka shiga ƙasar ƙanƙara neman arziki gemunsu na daskarewa. Ni abin da kunnena ya tsinta shi ne, a duk labarin wanda ya tsira yana da abu uku: busasshen nama, igiya, da ashanar da ba ta jiƙe ba.

Wata rana yarinyar ta karanta mana tarihin shi marubucin da aka sa a farkon littafin. Ashe ɗan talakawa ne, tun yana matashi ya bar gida, ya yi leburanci, ya yi aikin jirgi, ya sha yunwa da sanyi, ya dawo ba shi da komai sai labarai cike da kai. Su ya zauna ya rubuta har duniya ta san shi.

Na ajiye faifai na ce, "To ina uwarsa?"

"Wace uwa kuma, Umma?"

"Uwar da ta haife shi mana. Duk yawon nan tana ina? Me ta ce ranar da zai tafi?"

Ta juya shafi gaba, ta juya baya, ta ce ba a faɗa ba. Iya ta ce, "Ai su ba sa rubuta uwa, sai jirgi." Aka yi dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a ƙirji. Sai daga baya na gane littafin nan ba haka kawai aka kawo mini shi ba, shiri ne tsakanin wa da ƙanwa. Allah ya shirya mana yaran zamani.

Da wata ya kusa ƙarewa, na ga yaron ya rage cin abinci, ya daina zancen jirgi gaba ɗaya. Wannan shirun ya fi damuna a kan roƙo. Sai na ce wa ƙanwarsa, "Faɗa wa yayanki ba na sa albarka a kan abin da idona bai gani ba. A kai ni in shiga ruwan nan da kaina." Ya ce, "Faɗa wa Umma akwai jirgin fasinja daga Ikorodu zuwa cikin Ikko, tsakiyar Legas." Babansu da ya ji sai da ya ƙware da shayi. Ya ce, "Ke da ko gadar tsallaka titi ba kya hawa?"

Na fara shiri irin wanda na koya a wurin Bature Mai Yawo. Na aika unguwar Sabo Yaba aka sayo mini kilishi. Na haɗa da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da jarkar ruwa. Na kwance igiyar shanyata na naɗe. Na ɗauki bargo, don ban san inda iska za ta jefa mu ba. Ashana kuwa na ƙulle ta leda a kan leda, na soke a ƙugun zanena.

Sannan na yi abin da duk mai hankali yake yi kafin doguwar tafiya, na bi ɗaki ɗaki ina neman gafara. Maman 'yan biyu ta rungume ni ta yi mini addu'a irin tasu. Iya ta ga idona da ƙwalla, ita ma ta fara share nata, ta ce, "Na yafe, na yafe. Makka za ki?"

Na ce, "Ikorodu. Za mu shiga ruwa."

Ta sauke gefen zanenta daga ido ta dube ni. "Ikorodu? Ikorodun da nake zuwa sayen kifi in dawo in ɗora miya?"

Washegari da safe muka kama hanya mu uku, yaron na ɗauke da jakata a ka. A Ketu ɗan kwandastan danfo, motar hayar Legas, ya tambaye shi da Yarabanci ko tsohuwa ƙaura za ta yi. Na ji sarai, na ƙyale shi.

A tashar jirgi na ga abin mamaki. Mutane ne cikin kwat da takalma masu sheƙi, kowa na latsa waya, za su ofis, ba wanda ya riƙe ko ƙwayar dabino. Na ce a raina, Allah sarki, ba a karanta musu littafi ba. Aka ba mu rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, tawa ta ƙi rufuwa a kan hijabi sai da yarinyar ta danna. Jirgi ya tashi, na runtse ido, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Can da na ji ban mutu ba, na buɗe ido ɗaya. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, iska mai sanyi na kaɗa mini hijabi. Na hango wata mata ita kaɗai a kwale-kwale, goye da ɗa, tana tuƙi kamar mai tuƙa tuwo. Na fara sakin jiki ke nan, sai muka shiga wani wuri da kainuwa ta rufe ruwan kore shar. Inji ya yi tari, ya sake yi, ya mutu.

A duk labaran da na ji, daga nan ake farawa. Na shafa ƙuguna na ji ashana na nan, na matsa kusa da yarinyar na ce, "To ga shi nan. Wane tsibiri ne ya fi kusa?"

"Umma, ga gidaje can ana gani fa."

Masu kwat suka fara faɗa za su makara. Direba da mataimakinsa suna ta fama a baya, kainuwa ta naɗe farfelar injin tam. Sai na ga ɗana ya miƙe, ya yi wa direban magana da Yarabanci, ya naɗe hannun riga, ya kwanta a bakin jirgin, rabin jikinsa a kan ruwa, yana cizge ciyawar. Ana haka wani jirgi ya wuce da gudu, igiyar ruwansa ta ɗaga namu, na ga ƙafafun yaron sun tashi sama.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙwala masa kira da sunansa, sunan yanka, cikakke, da muryar da na tabbata an ji ta har Agege.

Mataimakin direba ya riga ya cafke shi ta ɗamara. Yaron ya ɗago, fuska jiƙe, ganyen kainuwa a kansa, ya dube ni ya yi wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Umma, ashe kin san sunana?"

Na koma na zauna, ƙanwarsa ta kife a kan cinyata tana dariya har da hawaye. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sauran fasinjoji ba su gane komai ba, su dai sun ga tsohuwa ta yi ihu ta kuma rufe fuska da hijabi.

Sai yaron ya ce, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, "Umma, miƙo mini igiyar nan taki." Na zaro igiyar shanya, ya ɗaura a ƙugu, aka ƙulla ta a jikin benci, amma duk da haka sai da na riƙe bakinta da hannu biyu. Ya koma ya kwanta. A nan ne na tsaya na kalle shi da kyau. Hannunsa ba ya rawa. Yana aiki yana yi wa direba ba'a, direban da ya girme shi yana ce masa oga. Ban taɓa ganin yaron nan a sake kamar yadda na gan shi a bakin ruwan nan ba. Hannun da ke rawa nawa ne.

Inji ya tashi, aka yi tafi. Don murna na buɗe jaka na bi jirgi da kilishi. Wani mai kwat da ya fi kowa faɗa ya karɓi babban yanki, yana tauna yana sa mini albarka da Turanci.

Da muka sauka, kunya ta dawo mini sabuwa. Na juya wajen yarinyar na ce, "Faɗa wa yayanki..." sai na tsaya. Na ga igiyata har yanzu tana ƙugunsa, ya manta bai cire ba. Na matsa na kwance ta da hannuna. Na ce, "Kai. Je ka. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai lafiya." Na zaro ƙullin ashanar na danƙa masa. Ya durƙusa nan a gaban mutane ya karɓa da hannu biyu.

Komawa gida kuwa danfo muka hau. Jarumtakar ranar ta ƙare.

Kafin mu isa labari ya riga mu, don yarinyar ta buga waya. Babansu na zaune a ƙofar gida ya ce, "An ce yau an yi suna a tsakiyar ruwa, ba a gayyace mu ba." Iya ta ce ita dai a dawo mata da hawayenta.

Yaron ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Yanzu shi ne Mai Yawon gidanmu. Yakan turo mini saƙon murya daga garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, ni kuma bayan la'asar in zauna in juya wa matan gida, in ƙara ɗan gishiri. Ya ce ashanar na nan a ƙasan akwatinsa, bai taɓa kwance ledar ba. Sunansa kuwa ban sake kira ba, sau ɗayan nan ya ishe mu ni da shi.

Abin da na koya a ranar shi ne, tsoron da na yi ta riƙe yaron da shi nawa ne, ba nasa ba, kuma saura kaɗan in sa shi ya biya da rayuwar da Allah ya tsara masa. Har yanzu nakan tuna uwar Bature Mai Yawo, wadda ba a rubuta ta a littafi ba. Ban san me ta ce ranar da zai tafi ba, amma yanzu na san abin da ta ji. Da ta ƙi sakinsa, da ba mu sami abin saurare a tsakar gidanmu ba. Uwa za ta riƙe igiya iyakar ƙarfinta, amma in ta ga hannun ɗanta ba ya rawa, ita ya kamata ta kwance ta da kanta.