Daddawar Inna a Garwashi

Jiya muna haɗa wa 'yata Hauwa kayan miya, don jibi za ta tare a Funtua, sai ta ce, "Umma, in dangin miji suka raina girkina fa?" Nan take na tuna surukata, Inna.

Ranar girkina na farko a gidanta a Ƙarfi, miyar kukata ta fito salam, ga masu girbin masara suna jiran tuwo. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta gasa daddawa a garwashi har ƙamshi ya cika tsakar gida, ta daka da citta, masoro da barkono, ta miƙo mini.

"Sansana tukuna, 'yar nan. In hancinki bai yarda ba, kar ki zuba."

Da kwanuka suka dawo a suɗe, ta ce wa kowa, "Amaryarmu ce ta yi."

Jiyan nan sai na daka irin haɗin nan na miƙa wa Hauwa. Ta sansana, ta ce, "Umma, daddawar ba ta gasu ba."

Wallahi kuwa ba ta gasu ba. Hankalina ya kwanta.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, hancinki ya kai ga jikarki.