Jirgin da Baba Yake Nufi

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau ni da Yaya Sani, babban wanmu, ba mu zauna mun yi maganar yadda aka yi ba. Mu gaisa, mu tambayi yara, mu ajiye waya. Tunda baki ya kasa, bari in rubuta.

Baba ma'aikacin reluwe ne, fayaman, wato mai zuba kwal a wutar jirgin ƙasa. Yana saurayi, a farkon shekarun sittin, aka tura shi ƙaro ilimin aiki a ƙasar Wales, gundumar Carmarthen. Yakan ce ya je koyon sana'ar da masu ita ke shirin binnewa. Ana rufe ƙananan layuka ɗaya bayan ɗaya, injinan dizal na shigowa, masu tururi na fita. Mun haddace labaran kaf: ruwan saman da ba ya ɗaukewa, jirgin madara, tumaki a kan dogo, da tsohon direbansa mai soya ƙwai a kan shebur cikin wutar injin. Da Baba ya ce "lokacin da nake Wales", sai ka ga yara muna zamewa ɗaya-ɗaya.

Ni na kawo shi Dubai a 2016, a duba masa zuciya. Ina aiki a nan, ina zaune a International City, ɗaki ɗaya da falo. Bai yi wata ba ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, kalma ɗaya ce ke fita sosai daga bakinsa: jirgi. Safe jirgi, yamma jirgi.

Muka ce Allah sarki, Baba ya koma Wales. Likita ma ya ce haka tsofaffi ke yi, hankali ya koma ƙuruciya. Yaya Sani ya kira daga Zariya ya ce in riƙa kunna masa bidiyon jiragen da a waya. Na kunna, Baba ya juya fuska ga bango. Ni kuwa da ƙoƙarina, sai na ce to hoto ne bai ishe shi ba, bari in kai shi ya ga na gaske. Na ɗora shi a keken marasa lafiya, muka hau tasi har tashar jirgin metro ta Al Rigga, muka sauka ƙarƙashin ƙasa.

Jirgi ya zo, sumul, ba hayaƙi ba direba. Na ce, "Baba, ga jirgi." Bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna sama. Na zaci zafi yake ji, so yake mu fita, har na juya keken. Sai ya damƙe mini hannu, damƙar mutumin da ya yi shekaru yana riƙe shebur.

"Na sama," ya ce. Ya huta, ya sake tattaro harshen. "Zariya."

Wallahi sai a lokacin na gane. Duk makonnin nan mutum yana roƙon a kai shi gida, mu muna nuna masa hayaƙi a waya.

Daga nan tashin hankalin ya fara. Likita ya ce zai ba da takardar tafiya in na nace, amma zuciyar Baba na iya tsayawa a hanya, kuma a nan akwai sauran abin da za a gwada. Yaya Sani ya ce, "Hadiza, kina da hankali kuwa? Mutane na sayar da gona su kai iyayensu inda yake, ke za ki ɗauko shi? In ya cika a sama, ke kika sani." Ban yi fushi da shi ba. Tsoro ne a bakinsa, irin wanda ke cikina.

Baba ne ya raba gardamar, da labarin Wales ɗaya da bai taɓa ba mu ba. Da ƙyar ya fito, guntu-guntu, ni na harhaɗa. Ya ce gab da ya dawo, aka ba shi da tsohon direbansa wani injin su kai shi wani fili can nesa da tasharsa. Injin lafiyarsa ƙalau, har goge shi aka yi. Da suka isa, ga irinsa jere a cikin ciyawa, ba wuta, tsatsa ta fara ci. Suka janye garwashin, suka tsaya har tukunyar ta huce. Tsohon direban ya ce ba mutuwar injin ce ta dame shi ba, kowane injin yana da ranarsa. Abin da ya dame shi, a wurin nan ba wanda ya san shi.

Baba ya dube ni ya ce, "Kar ki ajiye ni."

Khalas, magana ta ƙare, na sayi tikiti. Tafiyar nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinta. Muka yada zango a Addis, muka sake hawa. Yatsuna na kan wuyan hannunsa tun daga tashi, in jirgi ya girgiza sai in rasa bugun, in sake lalubowa. Muna gab da Kano ya rufe ido, na kira shi bai amsa ba. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Yaya. Da tayoyi suka taɓa ƙasa sai ya buɗe ido ya ce, "Direban nan bai iya birki ba."

Ya kai Zariya. Ya yi ɗan abin da ya yi a ɗakinsa, tsofaffin abokan aikinsa na Loko, sashen injinan reluwe, suna zuwa suna zama da shi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yaya Sani ya ce da an bar shi a Dubai da ya ƙara shekara. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, kuma wannan "mai yiwuwa" ba ta bar ni ba har yau.

Bara, da korona ta tsayar da jiragen sama, na yi ta tunanin me Baba zai ce. Mun binne 'yan uwa a nan, mutum kaɗan a kan gawa, iyalai na kuka ta waya. Ina jin ba zai yi dogon bayani ba. Zai tambayi sunan mamacin da garinsu kawai.

Kwal ya wuce, layukan da ya yi wa aiki a Wales ciyawa ta rufe wasu, labaransa ma rabi muka riƙe don ba mu saurara ba. Abin da ya rage shi ne kabari a garin da aka san shi. Yaya Sani bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ban kuma sa ran zai faɗa ba. Amma duk Juma'a bayan masallaci saƙon muryarsa na shigowa wayata, gajere, ba ko sallamar kirki: "Na biya na gaida Baba." Da ƙafa yake zuwa kabarin.