Cleofas da Faffaɗan Katakansa

A shekarar 1968 na fara haɗuwa da Cleofas Maestas, kuma rabinsa kawai na gani. Sauran rabin yana cikin dusar ƙanƙara. Ban daɗe da gama makarantar mishan ba, shi kuwa sabon direban motar 'yan makaranta ne da ya zo ƙauyenmu daga kudancin New Mexico. Ya ari katakan zamiya a kan ƙanƙara, ya ɗaura a ƙafa, ya saki hanya ya shiga cikin itatuwa, ya nutse har ƙugu.

"Bawan Allah, rijiya kake haƙa?" na tambaye shi.

"A'a, hutawa nake. In ka gama kallo, zo ka ciro ni."

Na ciro shi, amma ya kasa tafiya. Dole na shiga gaba ina taka dusar a gicciye, ina daɓe masa hanya, yana biye da ni har gindin dutse. Bai ce na gode ba. Cewa ya yi hulata ta yi mini yawa.

Daga nan muka ƙulla abota. Shi ya tsaya wa 'yata Lucinda ranar baftisma, kuma duk Lahadi yana gidanmu yana shan miyar barkonon matata, yana kushe gishirinta.

Da sababbin katakan zamiya suka shigo, muka raba gari. Ni na zaɓi siriri mai tsukakken ƙugu. A kan hanyar da aka daɓe, in ka karkata shi, gefensa na ƙarfe ya kama ƙanƙara ya zana layi tsaf, irin rubutun da Sista Benedicta ta koya mana a makarantar mishan. Cleofas ya sayi faffaɗa, wanda ke yawo a kan dusa mai laushi kamar kwalekwale, amma a hanya mai tauri sai ya yi ta karkarwa yana shan gefe.

"Ga mai ƙyauren ɗaki ya iso!" nakan ce.

"Sannu mai tsinken sakace. Bar hanyar gwamnati mu gani," yakan amsa.

Akwai ɗan coci a saman ƙauye, wanda ake buɗewa ranar idin Waliyyi Antonio a watan Janairu. Tun rasuwar mahaifina ni ke hawa in kaɗa ƙararrawarsa. Bara aka yi ta zuba dusa har jajiberin idin. Lucinda ta ce, "Baba, katakanka nutsewa za su yi, gwiwarka kuma ka san halinta. In ka kasa kaiwa bana, ka miƙa wa wani igiyar ƙararrawar."

Cleofas ya ce in ari nasa. Na ce gara in hau da rarrafe.

Da safe na fito. Ina isa bayan gidan maƙwabciyarmu Onésima, inda hawan yake farawa, sai na tarar da hanya a daɓe, sumul, ta bi ta cikin itatuwa har sama. Na manna fatar hawa mai hana zamewa baya a ƙarƙashin katakaina, na hau a hankali ba tare da na nutse ko sau ɗaya ba. Na kaɗa ƙararrawa har kafaɗata ta amsa.

A bencin baya na sami Cleofas, wandonsa jiƙe sharkaf, yana sharar barci baki buɗe. Na zungure shi.

"Mutumina, wa ya daɓe hanyar nan?"

"Barewa."

"Barewa mai faffaɗan sawu, tana tafiya a gicciye?"

"Barewar bana ta ƙoshi," in ji shi, ya ja hula ya rufe fuska.

Bayan addu'a muka sauko. Ni ina zana layina a kan daɓen, ɗaya bayan ɗaya, shi yana gefe cikin dusar da ba a taɓa ba, ƙafafunsa na rawa don gajiya. A gindin dutse ya tsaya yana haki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Eufemio," ya ce, "har yanzu hular nan ta yi maka yawa."